Likita ya ce cikina ya lalace amma bai fita ba: in jira, in sha magani, ko a yi mini wankin ciki?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina da 'ya ɗaya mai shekara uku. A lissafina cikina ya kai sati 11, sai na fara ganin ɗan jini baƙi-baƙi, ba ciwo. Muka je babban asibitin da ya fi kusa da mu aka yi sikanin, likita ya ce ɗan tayin ya daina girma tun yana sati 7, zuciyarsa ba ta bugawa. Ya ce zaɓi uku gare ni: in koma gida in jira ya fita da kansa, ko a ba ni magani, ko a yi mini wankin ciki. Layi ya yi tsawo, kuka ya ci ƙarfina, ban iya tambayarsa komai ba. Yau kwana 9 ke nan shiru, kuma har yanzu ina jin tashin zuciya da safe. Surukata ta ce kwanciya cikin ya yi, kada a taɓa shi zai tashi, har ta fara kawo mini jiƙo. Ƙawata ta ce in aika kemis a sayo miso in gama a ɗaki. Maigidana kuma tsoron wankin ciki yake yi, ya ce yana hana haihuwa, kuma ba ya so mu ɗauki alhakin zubar da ciki. Daga garinmu zuwa asibitin tafiyar awa ɗaya da rabi ce, hanyar ba ta da kyau da damina. A awon da na yi an ce jinina ya yi ƙasa, PCV 27. Anti, me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya mayar miki da mafi alheri. Na fara da ta'aziyya ne saboda na lura a wasiƙarki kowa shawara yake ba ki, ban ga inda wani ya zauna ya jajanta miki ba, alhali rashi kika yi.

Ga shawarata tun kafin dogon bayani: ki koma asibiti cikin satin nan, a sake duba cikin. Idan aka tabbatar da abin da aka gani da farko, ni a halin da kike ciki wankin ciki na sirinji zan zaɓa miki, a hannun wanda ya iya, a asibiti. Ba don sauran hanyoyin biyu ba su da kyau ba. Suna da kyau, kuma da wata ce ta rubuto mini daga cikin birnin Kano ko Zariya, gidanta kusa da asibiti, jininta cike, da na ce mata ta zaɓi duk wadda hankalinta ya kwanta da ita. Nisan garinku da ƙarancin jininki ne suka sa na karkata. Amma jikinki ne, ke za ki yanke, don haka bari in shimfiɗa miki yadda kowacce take.

Sake sikanin shi ne na farko, kuma ba ɓata kuɗi ba ne. Likitoci suna da ma'auni kafin su yanke cewa ciki ya lalace. Idan ta gaba aka sa na'urar, wadda ita ce ta fi gani a farkon ciki, sai tsawon ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jakar cikin ta kai faɗin milimita 25 babu ɗan tayi a cikinta. In bai kai haka ba, sai a sake dubawa bayan aƙalla kwana 7. In kuwa a saman mara aka ɗora na'urar, kamar yadda aka fi yi a wajenmu, ƙa'idar da likitocin Birtaniya suke bi ita ce a sake bayan sati biyu. Dalili shi ne lissafin mace yana iya kucce mata, musamman wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, sai a ɗauki ƙaramin ciki mai lafiya a matsayin babba da ya lalace. Ba zan sa miki rai a kan abin da ban gani ba: ciki mai sati 11 a lissafi, da aka auna sati 7 babu bugun zuciya, galibi abin da likitan ya faɗa ne. Amma idan kika gani da idonki karo na biyu cewa bai ƙaru ba, duk abin da aka yi bayan nan ba zai dawo yana cin ki a rai ba. Ki roƙi a yi miki wanda ake sa na'urar ta gaba in suna da shi, ba ya cutar da ciki.

Tashin zuciyar da kike ji ba shaidar rai ba ce. Naman da zai zama mabiyiya yana nan manne a mahaifa, yana ci gaba da fitar da sinadarin ciki na ɗan lokaci ko da ɗan tayin ya tsaya. Shi ya sa ƙirji yake ci gaba da nauyi, gwajin fitsari ma yake nuna akwai ciki.

Maganar kwantaccen ciki tsohuwa ce a ƙasar Hausa, iyayenmu da ita suka tashi, kuma surukarki jikanta take so ta ceta, ba cutar da ke take nufi ba. Sai dai zuciyar ɗan tayi idan ta tsaya ba ta sake tashi, ko da jiƙo ko da allura. Abin da ake gani a ce ciki ya kwanta ya tashi, ko dai lissafin ne ya kauce tun farko, ko kuma na farkon ya fita aka ɗauka al'ada ce, aka sami sabo a bayansa. Kada ki yi musu da ita a tsakar gida. Ki ce, "Mama, ki raka ni asibiti mu gani tare." Ta shiga ɗakin sikanin, a juya mata allon, a nuna mata. Jiƙon kuwa ki dakatar da shi yau, don ba wanda ya san abin da zai yi wa mahaifarki, ko nawa ne ya yi yawa. Abin da ake cusawa ta gaba ya fi haɗari, don hanya ce ta kai ƙwayoyin cuta kai tsaye inda ba a so.

Sannan ki cire wa ranki cewa ke kika jawo. A cikin kowane ciki 100 da aka san da shi, wajen 15 suna ɓarewa, mafi yawa a watanni ukun farko. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ana yin ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin yake, tun ranar da ƙwan mace da maniyyi suka haɗu aka sami tangarɗa, ta yadda ba zai iya ci gaba da girma ba. Daka bai jawo ba, ɗibar ruwa bai jawo ba, hawa babur ko kusantar miji ba su jawo ba. Akwai abubuwan da kan taimaka wa ɓari, kamar zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon suga da ba a kula da shi ba, ciwon maƙoƙo da yawan shekaru, kuma su likita zai duba, ba zargin kishiya ko maƙwabciya ba.

Yanzu hanyar farko, jira. Mahaifa ta iya aikinta, mata da yawa suna yin ɓari a gida komai ya fita tas ba tare da an sa hannu ba. Jira ya fi aiki ga wadda ɓarin ya riga ya taso, jini yana zuba, bakin mahaifa ya buɗe, ɗan saura ne ya rage: irin wannan mafi yawansu suna gamawa cikin sati biyu. Irin naki, da ɗan tayin ya tsaya amma bakin mahaifa yana rufe, ya fi nawa, wajen rabi ne ko sama da haka kaɗan suke gamawa a sati biyun. Ba gaskiya ba ne cewa zai ruɓe ya zama guba cikin 'yan kwanaki. A wani bincike da aka yi a Ingila a kan mata 1,200, aka buga a 2006, an raba su uku bisa hanyoyin nan uku, sai aka tarar shigar ƙwayoyin cuta kusan ɗaya ne a kowane rukuni, mace 2 zuwa 3 cikin 100. Matsalar jira ita ce ba ya faɗin ranar zuwa. Yana iya tasowa da hantsi, yana iya tasowa ƙarfe biyun dare ana sheƙa ruwa, babu mota a garin. Ke kuma in kin lura kin riga kin jira: ɗan tayin ya tsaya wajen sati huɗu kafin a yi sikanin, ga kwana 9 a kai. Ƙa'idar ma sati ɗaya zuwa biyu ake bayarwa sannan a sake zama a duba. Kin ba jiki haƙƙinsa.

Hanya ta biyu magani, kuma a nan zan ɗan daɗe saboda maganar ƙawarki. Misoprostol, wanda ake ce wa miso, magani ne na gaske mai amfani. Don gyambon ciki aka fara yin sa, daga baya aka gano yana tausasa bakin mahaifa yana sa ta matsa. Najeriya ta yi masa rajista a 2006 don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma ya ceci mata masu yawa a karkara, shi ya sa ungozomomi da masu kemis duk suka san shi. A wajen ɓari ana sa shi ta gaba, ko a ƙarƙashin harshe, ko a kumatu, kuma adadin da ake ba wadda saura ya rage mata daban yake da na wadda cikin bai motsa ba, daban kuma da na mai jego. Ga irin naki ya fi aiki idan aka fara ba da wata ƙwaya mai suna mifepristone, kwana ɗaya ko biyu kafin miso. A Amurka an gwada a kan mata 300, aka buga sakamakon a 2018: waɗanda aka haɗa musu biyun, 84 cikin 100 suka gama da zagaye ɗaya, waɗanda aka ba miso kaɗai 67. A Birtaniya aka sake gwadawa a kan mata 711, aka buga sakamakon a 2020, aka ga waɗanda suka ƙare da wankin ciki 17 ne cikin 100 idan an haɗa, 25 idan miso ne kaɗai. Wato ko a hannun ƙwararru, magani ba ya gamawa kowa, wata sai an ƙara mata, wata sai an wanke.

Yadda abin yake zuwa, yawanci cikin 'yan awanni mara take fara murɗawa, fiye da ciwon al'ada, wata ta ce kamar ƙaramar naƙuda. Jini ya zo da yawa da guda-guda na wasu awanni, a ciki jakar take fita, wani farin nama-nama wanda ya bambanta da gudan jini. Daga nan ciwon ya lafa, jinin ya ragu, ya ci gaba kaɗan-kaɗan har sati ɗaya ko biyu. Maganin kansa yana kawo rawar ɗari, ɗan zazzaɓi, gudawa ko amai a ranar, su wuce. Ana ba da maganin ciwo tare da shi, irin su ibuprofen da farasitamol, kuma babu lada a ƙin sha.

To me ya sa ba za ki aika kemis ba? Saboda mai kemis bai ga mahaifarki ba, bai san jininki 27 ba ne, kuma ba shi da jinin da zai ƙara miki idan abin ya wuce gona da iri. Mai ciki ana so PCV ɗinta ya kai 33 ko fiye. Jinin da wata za ta zubar ta tashi ta ɗora tukunya, ke zai iya kayar da ke. Ƙari a kan haka miso ba ya shiri da danshi: idan aka ɓalle shi daga takardarsa ta gwangwani aka ƙulle a leda, ko takardar ta huje ya kwana a kanta cikin damina, ƙarfinsa raguwa yake, sai ya tayar da jini ya kasa gama aikin. Ga sauran masu karatu kuma akwai babban haɗari: wadda ba a yi wa sikanin ba, mai yiwuwa cikinta a wajen mahaifa yake, a bututun ƙwai. Miso ba ya taɓa irin wannan cikin, bututun zai ci gaba da kumbura har ya fashe, ta zubar da jini a cikin cikinta tana zaton ɓari take yi. Idan bayan kin ji duk wannan zuciyarki ta fi natsuwa da magani, ba laifi, amma likita ya rubuta, a karɓa a kantin maganin asibiti, a fara da safe, kuma ki yi shi kina kwance a asibitin ko a gidan 'yan'uwa da ke cikin garin. Kada ki koma ƙauye sai an ce ya fita.

Hanya ta uku ita ce wadda maigidanki yake tsoro, kuma tsoronsa yana da asali. Abu biyu ne muke haɗawa mu kira wankin ciki. Akwai tsohon yayi, wanda ake buɗe bakin mahaifa a sa wani ƙarfe mai kama da dogon cokali a kankare bangonta. Wannan idan aka matsa hannu, ko aka yi ta maimaitawa, ko aka yi shi mahaifa tana da ƙwayoyin cuta, yana iya barin tabo har bangon ya manne da juna, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, haihuwa ta yi wuya. Labaran da maigidanki ya ji galibi daga nan suke, ko daga abin da ake yi a bayan shago da kayan da ba a dafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa a bar kankara a koma zuƙa.

Na zuƙa shi ne wanda ma'aikatan asibiti suke kira MVA. Wani babban sirinji ne na roba, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu ba, ana ja masa iska a kulle, a haɗa shi da siririn bututun roba mai laushi, kaurinsa kamar alƙalamin biro ko ƙasa da haka. Za ki kwanta kamar za a duba ki a awo, a wanke gaban da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi miki allurar kashe zafi a gefen bakin mahaifa, a zura bututun a hankali, a saki makullin, abin da ke ciki ya taho cikin sirinjin. Ba wuƙa, ba ɗinki, ba ya buƙatar wutar lantarki. Aikin kansa minti 10 zuwa 15 ne. Za ki ji murɗa mai ƙarfi wajen ƙarshe lokacin da mahaifar take tsukewa, wannan alamar ta kusa zama fanko ce. Ki huta awa ɗaya ko biyu, a duba jini da bugun jini, ki tafi gida ranar. Irin naki da bakin mahaifa yake rufe, sau da yawa akan sa miso 'yan awanni kafin aikin don ya yi laushi. Fiye da mace 95 cikin 100 da shiga ɗaya ake gama musu, kuma jinin da ake zubarwa a gaban ma'aikata ake zubar da shi, inda akwai ƙarin ruwa da allurar tsayar da jini. A asibitocinmu ba likitoci kaɗai ba, akwai nas-nas da ungozomomin asibiti da aka horar a kansa.

Ba zan ce miki ba shi da haɗari ba. Akan sami shigar ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake ba da maganin rigakafinsu. Akan bar ɗan saura wani lokaci. Can ba a rasa ba bututun yana iya huda mahaifa, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba a hannun wanda ya ƙware. Amma game da haihuwa, matan nan na binciken Ingila an bi sawunsu daga baya, aka tarar cikin shekara biyar wajen 8 cikin 10 sun haihu, ko jira suka yi, ko magani suka sha, ko wanke su aka yi. Wannan shi ne abin da za ki karanta wa maigidanki. Kuma tambaya biyu nake so ki yi da bakinki kafin ki hau gado: "Da sirinji za a yi ko da ƙarfe?" da "Wane maganin kashe zafi za a ba ni?" Akwai wuraren da ake yi wa mata wannan aiki da ɗanyen jiki a ce su daure, abin yana ƙona mini rai, don allurar ba tsada gare ta ba. Haƙƙinki ne ki nema.

Batun alhaki kuwa, Allah Ya saka wa maigidanki da alheri da yake tsoron Allah a kan iyalinsa. Zubar da ciki shi ne a katse rayuwar da take tafiya. Nan babu rayuwar da za a katse, Wanda Ya ba da ita Ya riga Ya karɓa, abin da ya rage jinyar uwa ce. Kayan aikin da maganin iri ɗaya ne da waɗanda ake amfani da su a wancan, shi ya sa mutane suke rikita su, amma ko a dokar ƙasa kula da mai ɓari aikin asibiti ne na yau da kullum. Idan zai tambayi malami, ya faɗi tambayar daidai: likita ya tabbatar sau biyu cewa ɗan tayin ya rasu a ciki, ya halatta a fitar da shi?

A gefe guda kuma, don masu karatu, ba kowane ɓari ne yake buƙatar wanki ba. Mun saba da cewa duk wadda ta yi ɓari sai an wanke mata "datti", har wasu su biya kuɗi a shiga mahaifar da ta riga ta zama fanko. Idan jini ya ragu, ciwo ya tafi, sikanin ya nuna babu saura, a bar ta ta huta.

Daga yau har ranar da za ki je, da kuma bayan an gama, ga abin da ba a kwana da shi a gida. Jinin da yake jiƙa babbar audugar mata biyu sharkaf cikin awa ɗaya, har awa biyu a jere. In ƙunzugu kike sawa, ki lura da sau nawa kike canzawa, in yana ratsa zani yana bin ƙafa kada ki tsaya lissafi. Jiri, ganin duhu-duhu, bugun zuciya da sauri, ko suma. Zazzaɓi da rawar ɗari, ko wanda ya wuce kwana ɗaya bayan shan miso. Ruwa mai wari daga gaba. Ciwon mara mai tsanani da ba ya jin magani, musamman a gefe ɗaya ko wanda yake harbawa kafaɗa. Tun yau maigidanki ya karɓi lambar mai mota a garinku ya gaya masa ana iya kiransa da dare, ya ware kuɗin mai, kuma a san mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini. In da hali ma, ki tafi gidan 'yan'uwa a garin da asibitin yake tun gobe.

A asibitin ki ce a sake auna jininki, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a duba rukunin jininki. Idan negetif ne, akwai allurar da ake kira anti-D wadda ake yi cikin awa 72, musamman bayan wankin ciki, don kare cikin da zai biyo baya. Mata kaɗan ne a cikinmu suke da irin wannan jinin, amma ga wadda take da shi mantuwar tana da tsada.

Bayan an gama, jini kaɗan-kaɗan na sati ɗaya zuwa biyu ba komai ba ne. Ki dakata da kusantar miji har ya ɗauke, kada ki sa komai ta gaba, ko matsi ko wani haɗi. Wanka da ruwan ɗumi ya isa, ba kya buƙatar tafasasshen ruwan jego, kunun kanwa ma ki bar shi. Abin da jikinki yake nema ƙwayar ƙarin jini ce ta wata uku ko yadda likita ya ce, da hanta, nama, wake, ƙwai, zogale da alayyahu gwargwadon hali. Kada ki kora ƙwayar da shayi, yana hana jiki ɗaukarta. Bayan sati uku ki yi gwajin ciki na fitsari. In har lokacin yana nuna akwai ciki, ki koma, don yana iya zama saura ne, ko wani nau'in ciki da ba ɗa a cikinsa sai tarin ƙuraje masu ruwa, wanda yake buƙatar bibiya ta musamman.

Al'ada takan dawo cikin sati huɗu zuwa shida, amma ƙwai yana iya sauka tun sati biyu bayan ɓarin, wato kina iya ɗaukar ciki kafin ki ga al'adar. Za ki ji ana cewa sai an jira wata shida. Tsohuwar shawara ce, kuma wani babban bincike a Sikotilan a 2010, a kan mata fiye da 30,000, ya nuna waɗanda suka sami ciki kafin wata shidan ba su fi sauran shiga matsala ba. Ke dai abin da zan ce ki jira shi ne jininki ya cika, zuciyarki kuma ta shirya. Wata biyu ko uku na tazara zai yi miki amfani, ki tambayi hanyar da ta dace da ke kafin ki bar asibitin, ki kuma fara shan folik asid tun kafin sabon cikin. Ɓari ɗaya ba ya nuna mahaifarki tana da matsala, ga 'yarki nan shaida, kuma mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya cikinsu na gaba lafiya yake zuwa. Sai ya kai sau biyu ko uku a jere ake shiga dogon bincike, kuma wannan a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika ya fi dacewa a yi shi.

Na san za ki so sanin hukuncin salla. Malamai sun yi saɓani a kan jinin ɓarin farkon ciki: wasu sun ce ba ya zama jinin biƙi sai an ga alamar halittar mutum a abin da ya fita, wasu sun ce ko gudan jini ne da aka tabbatar asalin ɗa ne ya wadatar. Ki tambayi malamar da kika yarda da iliminta, ki gaya mata cewa a sati 7 ɗan tayin ya tsaya, ba sati 11 ba, don amsar tana iya rataya a kan wannan. Abin da ya fita kuma kina iya roƙon a ba ku, a naɗe a ƙyalle mai tsabta a binne.

Ki yi kukanki, kada ki bari a ce miki ai jini ne kawai. Kin riga kin fara lissafin watan haihuwa, wataƙila har kin fara tunanin suna. In makonni suka wuce barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ba kya iya kula da 'yarki, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa zubar jini, don wannan ma ana jinyarsa.

Ranar da za ku je ku yi sammako, ki riƙe takardar sikanin ta farko da katin awonki, da zani biyu da audugar mata. Ki tambaya tun da isarki ko za a ba ki maganin barci, don in haka ne sai an bar ci na wasu awanni, in allurar bakin mahaifa ce kawai ba sai kin zauna da yunwa ba. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun a gida saboda kuka yana iya sake zuwa, kuma ki ce wa maigidanki ya shiga ofishin likitan tare da ke ya yi nasa tambayoyin da bakinsa, kada ya tsaya a bakin ƙofa.